Wayar Chadi za ta bi ta kanmu: in wuta ta gaza, wa za a fara yanke wa?

Wani hantsi cikin watan Afrilu na tarar da Kawuna zaune a bakin shagonsa na walda a unguwar Hausawa ta Garwa, a arewacin Kamaru, ya tuɓe riga yana fifita da guntun kwali. Tun asuba aka ɗauke wuta, ko kuran kamar yadda muke ce mata a nan. Ga ƙyauren ƙarfe na wani mutum jingine da bango, an haɗa rabi an bar rabi, yaran shago biyu kuma sun koma gindin dalbejiya suna dara. Rediyo mai batir ce kaɗai ke aiki, ita ce kuwa ta jawo zancen, domin ana cikin labarin babbar wayar da za ta kai wuta Chadi.

Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, fahimtar da ni. Gidan da yara ke kwana da yunwa, shi ne za a ɗauki akushi a miƙa wa maƙwabta?"

Na ce, "Kawu, ai ba ta madatsar Lagdo za a kai musu ba, daga kudu za a jawo ta."

Ya ce, "To ranar da ta kudun ta ƙi isar kowa, wa za a fara yanke wa, mu ko su?"

Na yi shiru, don tambayar ta fi ƙarfin hirar bakin shago. Injiniya ba ya amsa ta. Amsarta tana kwance a cikin dokoki da takardun yarjejeniya, wato ainihin abin da manya ke taruwa a Brazabil da Yawunde da Njamena suna kira daidaita dokokin ƙasa da na yanki. In ka ji kalmar a rediyo sai ka ɗauka zancen masu kwat da wando ne. Alhali ita za ta faɗi ko Kawu zai gama ƙyauren nan a kan lokaci.

Sai mu fara da yadda wutar take a ƙasa. Kamaru ba waya ɗaya gare ta ba. Kudu na da nata layin, wanda manyan madatsun kogin Sanaga ke ciyarwa, irin su Edeya da Songlulu, sai kuma Nachtigal mai megawat 420 da aka kammala kunna injinanta a 2025. Arewa kuwa, jihohi uku cur, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kusan duk a wuyan Lagdo suke rataye. Madatsa ce da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, ta fara aiki a farkon shekarun 1980, da injina huɗu da suka haɗa megawat 72. Lokacin da aka gina ta, ta ishe mu har da saura. Yau Garwa da Marwa da Ngaundere sun ninninka, injinan sun tsufa, yashi ya cika tafkin, in damina ta yi gardama kuma ruwan ya ja baya tun kafin bazara. Wanda ya zauna a nan a 2020 da 2021 ba sai an ba shi labari ba. An yi ta toshe ɓaraka da injinan gazuwal, wato dizal, kamar na Jambutu a nan Garwa, daga baya aka kafa gonakin sola a Marwa da Gidar masu megawat 36 a haɗe. Sun rage zafi, ba su kashe ƙishirwa ba.

A Chadi abin ya fi muni. Da ƙyar mutum ɗaya cikin goma ke da wuta a gida, mafi yawansu kuma a Njamena, wadda ita ma mai ake ƙonawa a haska ta. Wutar mai kuwa ko'ina a duniya ta fi ta ruwa tsada nesa ba kusa ba.

Daga nan dabarar ta fito. A haɗa layin kudu da na arewa da waya mai ƙarfin kilobolt 225, daga yankin Nachtigal ta bi ta Yoko da Tibati zuwa Ngaundere, tafiyar da ta haura kilomita 500. Sannan a ci gaba ta Garwa da Marwa, a ƙetare kogin Logon ta Bongor, a bi Gelendeng har Njamena, wata tafiyar sama da kilomita 1,000. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 a 2020, Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai su ma sun sa hannu a aljihu. Abin da ake ambata za a sayar wa Chadi shi ne kimanin megawat 100. Ka lura, ya fi ƙarfin Lagdo gaba ɗayanta. Don haka tsoron Kawu ba shirme ba ne, ko da yake gaskiya ita ce ba don cinikin Chadi ba, da wuya a sami mai ba da bashin jawo wayar har ƙofarmu.

Kafa turaku da ja waya aikin kuɗi ne da lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da wutar ta iso bakin iyaka. Wuta ba buhun masara ba ce da ɗan duwan, wato kwastan, zai tsayar ya soka ƙarfe ya duba. Ba ta jira, ba a ajiye ta a sito, a daƙiƙar da aka samar da ita ake shanye ta. In aka haɗa layukan ƙasashe biyu sun zama jiki ɗaya, suna bugawa sau 50 a kowace daƙiƙa, tare. Babban inji ya faɗi a Njamena, fitila na iya ƙiftawa a Marwa. Saboda haka tilas masu kula da layin ɓangarorin biyu su yi aiki da littafin ƙa'ida iri ɗaya: nawa kowa zai ajiye na ko-ta-kwana, wa ke ba da umarnin a rage kaya, da wane ma'auni ake auna abin da ya ƙetare, kuma wutar da ke zubewa a hanya, domin doguwar waya tana shan nata rabo, a kan wa za a rubuta ta. Wannan ɓangaren shi ya fi sauƙi, injiniyoyi kan fahimci juna da wuri.

Na biyu shi ne fasalin kasuwar kanta, kuma a nan ƙasashen biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Kamaru ta daɗe a hanya. Dokar 1998 ta haifi hukumar sa ido ta ARSEL. A 2001 aka sayar da mafi yawan kamfanin wuta na gwamnati, Sonel, ga AES na Amurka, a 2014 Actis na Ingila ya karɓa aka raɗa masa suna Eneo. Dokar Disamban 2011 ita ce ta zo da babban sauyi: ta ce manyan wayoyin dakon wuta a fitar da su daga hannun mai sayarwa a ba kamfanin gwamnati na daban, wanda ya zama Sonatrel a 2015, ta kuma sa shigo da wuta ko fitar da ita a ƙarƙashin lasisi. Hikimar raba su mai sauƙi ce. In mai tashar mota shi ne kuma mai motocin haya, motar wani ba za ta taɓa samun lodi ba. Dole mai hanya ya zama ba shi da kaya a kasuwa, kowa ya biya kuɗin hanya iri ɗaya ya wuce.

Chadi ta zo daga baya. Sai wajen 2010 aka raba kamfanin ruwa da na wuta, dokar da ta buɗe ƙofa sosai ga masu zaman kansu kuma ta 2019 ce. Tana da tata hukumar sa ido, amma kasuwar ƙarama ce, kuma kamfanin gwamnati ya saba shi ne mai samarwa, shi ne mai dako, shi ne mai rabawa. Daidaita doka a nan yana nufin abin da ake kira lasisin fitarwa a Yawunde ya sami takwaransa na shigowa a Njamena, hukumomin biyu su yarda da lissafin kuɗin hanya guda, kuma in wani ɗan kasuwa ya kafa gonar sola a gefen Chadi, inda rana ba ta ƙaranci, ya iya turo wutarsa Marwa ta wannan wayar ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Waya ai ba ta san gaba da baya ba.

To wa ke riƙe da dokar yankin? A nan ma akwai ruɗani, domin iyaye biyu gare mu. Akwai ƙungiyar CEMAC mai ƙasashe shida masu kuɗin sefa ɗaya da babban banki ɗaya. Akwai kuma CEEAC wadda ta fi faɗi, ta haɗa har da Kwango Kinshasa da Angola. Harkar wuta tana hannun ta biyun, ta hanyar wata cibiya mai suna PEAC da aka kafa a Brazabil a 2003, kuma a 2009 shugabanni suka amince da kundin kasuwar lantarki ta Afirka ta Tsakiya a Kinshasa. Kundin ya yi tanadin hukumar sa ido ta yanki, mai raba gardama in ƙasa da ƙasa sun saɓa. Shekaru sun shuɗe, har yau Afirka ta Tsakiya ce ke bayan sauran sassan nahiyar wajen cinikin wuta tsakanin ƙasashe, ga ta kuwa da ruwan da ya fi na kowa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokokin yanki iri biyu ne. Akwai wadda da an sa hannu ta hau kan kowa kai tsaye, kamar dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda alƙalin Garwa da na Mundu ta Chadi ke buɗe littafi ɗaya su yanke hukunci, in an ɗaukaka ƙara kuma a tafi kotu ɗaya a Abijan. Haka dokar canjin kuɗi ta CEMAC ta 2018, wadda duk ɗan kasuwar da ke aika kuɗi waje ya ji a jikinsa. Akwai kuma wadda sai kowace ƙasa ta ɗauke ta ta kai majalisarta, ta gyara tata dokar, ta fitar da ƙananan dokokin aiwatarwa. Harkar makamashi a aikace ta wannan hanya ta biyu take bi, a nan ne kuma takardu ke kwana a durowa. Babu gwamnatin da ke gaggawar sakin ikon yanka farashin wuta, domin farashin wuta siyasa ce tsagwaronta.

Mu dubi farashin. A Kamaru gida mai shan abin da bai wuce kilowat-awa 110 a wata ba yana biyan sefa 50 kan kowane ɗaya, daga nan ya hau 79, ya hau 94, har 99, kuma tun 2012 wannan jadawalin na gidaje yake. Farashi ɗaya ne daga Duwala har Kusiri, duk da cewa wutar gazuwal da ake ba mu a arewa ta ninka hakan wajen samarwa. Giɓin gwamnati ke cewa za ta cike, cikewar kuma kan makara. Kamfanin rabawa na bin ma'aikatun gwamnati bashi, masu samarwa da mai dako na bin kamfanin rabawa, kowa ya riƙe wuyan rigar wani. Wannan sarƙar na cikin abin da ya kai gwamnati ga ƙulla cinikin sayen kason Actis a 2025. Ga kuma Nachtigal, wadda yarjejeniyarta irin ta "ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya" ce. Wato Kamaru na da wutar da take biya ko babu wayar kwashe ta, shi ya sa take neman mai saye ido rufe.

Yanzu ka ɗora Chadi a ƙarshen wannan sarƙar. Dokokin kasuwar yanki ba sa son a sayar wa maƙwabci wuta da farashin tallafi, don bai kamata harajin mai shayi a Garwa ya sauƙaƙa wa mai otal a Njamena ba. Suna son farashin da ya biya kuɗin samarwa da na dako, a bayyane. Suna kuma son jingina: mai saye ya ajiye lamunin banki na wasu watanni, in ya gaza biya a taɓa. Abu ɗaya da ya taimake mu shi ne kuɗinmu ɗaya, babu ciwon kan canji irin wanda ke tsakanin naira da sefa. Amma kamfanin da bai iya karɓar kuɗinsa daga hannun ma'aikatun ƙasarsa ba, da me zai biya na waje? Duk gyaran dokar da bai tilasta wa gwamnatoci biyan faktir ɗinsu, wato kuɗin wutar da suka sha, ba, an yi ba a yi ba ne.

Sai mu komo kan tambayar Kawu. Cinikin wuta tsakanin ƙasashe iri biyu ne. Akwai tabbatacce, wanda mai sayarwa ya ɗau alkawarin bayarwa ko ana ha-maza-ha-mata, in ya saɓa ya biya tara. Akwai kuma na rara, wanda in gida ya buƙata sai a janye, farashinsa kuma ya fi sauƙi. Mai saye da zai kashe injinansa ya dogara da kai, tabbatacce zai nema, masu ba da bashi ma shi suka fi so don shi ke tabbatar musu kuɗinsu zai dawo. To a shekarar da Sanaga ta ja baya, in alkawarin Njamena na da tara a bayansa, na Marwa kuma ba shi da komai sai haƙuri, ba sai an yi duba ba kafin a san inda almakashi zai faɗa. Maganinsa a rubuce yake a wasu kasuwannin yanki: a raba ƙarancin daidai gwargwado, kowa ya rage kashi ɗaya, ko a ware wa garuruwan da wayar ta ratsa wani kaso da ba a taɓawa. A ganina wannan ne ya kamata 'yan majalisarmu na arewa su sa a gaba, su nemi a karanta musu sharaɗin a fili tun wayar ba ta ɗau wuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗauka doka laya ce. 'Yan'uwanmu na Nijar sun gani. Yammacin Afirka ta fi mu tsari: ECOWAS ta kafa kasuwar wutarta tun 1999 da hedikwata a Kwatano, tana da hukumar sa ido a Akara, Nijar kuma ta shafe shekaru tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. Da aka yi juyin mulki a Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki aka katse layin Birnin Kebbi, Yamai ta shiga duhu wata da watanni. Mu ma nan mun ɗanɗana makamancinsa. Bututun man Doba ta Chadi zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, mai kilomita 1,070, yana aiki tun 2003 da yarjejeniyoyi jibgi, amma a Afrilun 2023 rigimar hannun jari a kamfanin bututun ta sa Chadi ta janye jakadanta daga Yawunde. An shirya daga baya. Sai dai duk ɗan Chadin da ya ce yana tsoron a riƙe masa makunni a wata ƙasa, yana da hujja, kamar yadda Kawu ke da tasa. Amfanin hukumar yanki mai haƙora shi ne ta sa katsewa ta yi tsada, ta kuma ba wanda aka cuta wurin kai ƙara.

Wani abin takaici a gefe: Yola na nan kusa da Garwa, kogi ɗaya muke sha, amma Najeriya na kasuwar yamma mu muna ta tsakiya, kowa da kundinsa. Abin da ke haɗa mu da su a kan Lagdo har yau shi ne sanarwar sakin ruwa da zargin ambaliya, da tsohon zancen madatsar Dasin Hausa da ba a gina ba.

Daidaita dokokin gas kuwa labarinsa daban ne, don a arewa in an ce gas tukunyar girki ake nufi. Kamaru na da kundin dokar gas na 2012, tana da tashar wuta mai aiki da gas a Kiribi mai megawat 216, a 2018 kuma wani jirgin ruwa a gaɓar Kiribi ya fara mayar da gas ruwa-ruwa ana fita da shi ƙetare. Chadi na da matatar Jarmaya da aka buɗe a 2011 tare da 'yan Sin, wadda ke fitar da gas ɗin girki, tana kuma da rijiyoyin Sedigi kusa da tafkin Chadi da aka daɗe ana alkawarin amfana da su. Babu bututun gas tsakanin ƙasashen biyu, don haka babu abin da ya matsa a daidaita dokokin. Yamma da ta gina bututu daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, sai da ƙasashen huɗu suka ƙulla yarjejeniya a 2003, kowace ta yi doka mai lafazi kusan ɗaya, suka kafa hukuma guda a Abuja. Bututun ne ya tilasta dokar.

Amma rashin bututu bai hana gas ƙetare iyaka ba. Tsaya a bakin gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena ka ga yadda kaya ke bin farashi kamar ruwa na bin gangare. Kamaru na tallafa wa tukunya mai kilo 12.5 ta tsaya a sefa 6,500 a hukumance. Chadi, wadda ta hana gawayi tun wajen 2009 don ceton itatuwa, tana tallafa wa tata, an fi kuma amfani da ƙaramar mai kilo 6. Kowace ƙasa da nata tallafin da nata farashin, duk ɓangaren da ya yi araha ko ya wadata sai tukwanensa su sulale zuwa ɗaya gefen a bayan babur, an lulluɓe da buhu. Mun san wannan karatun daga man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga daga Najeriya: ranar da aka cire tallafin fetur a Abuja a Mayun 2023, kafin mako ya zagayo masu babur a Garwa sun ƙara kuɗin kai mutum kasuwa.

Akwai kuma abin da ya fi farashi haɗari. Ko a cikin Kamaru tukunyar wannan kamfani ba ta musanyuwa da ta wancan, bakin ma wani lokaci ba iri ɗaya ba ne. Wata rana a Kusiri na ga wata baiwar Allah ta sauke tukunya daga kan babur a shago na uku, mai shagon ya juya ta ya dubi launinta ya ce, "Hajiya, wannan ba tamu ba ce, sai dai ki gwada gaba." Tukunyar da ta ƙetare iyaka ba ta da uban da zai karɓe ta ya gwada ƙarfinta, sai ta faɗa hannun masu ɗura ta bayan gida, daga babba zuwa ƙarama da guntun tiyo. Ma'auni ɗaya na bakin tukunya, da wa'adin gwaji ɗaya da za a buga a wuyanta, da yarda cewa tashar ɗura gas ta Marwa ta karɓi tukunyar Njamena, duk ba sa buƙatar bashin Bankin Duniya. Hajiyar dai ta sake ɗaura tukunyarta a bayan babur da igiyar roba, ta ce wa yaron ya kai ta wajen masu itace.